Kwandalar da Fanna Ba Ta Wanke Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Malam Mutari, wanda mutanen Birni a nan Damagaram suka fi sani da Mutari Mai Tsohon Kuɗi. Ni ce autarsu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yau ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Kowace shekara in watan ya zagayo nakan yi sadaka in yi shiru. Bana kuwa na ga ya kamata in yi magana, domin sai a bana aka gama raba gadonsa. Abin da ya tsare rabon duk tsawon shekarun nan ba gida ba ne, ba gona ba ce. Wani akwatin ƙarfe ne da mace ɗaya za ta iya ɗauka a ka, cike da tsoffin kwandaloli waɗanda ko gishiri ba za a ba ka da su ba a kasuwar Dole.

Yaya Mutari ma'aikacin gidan waya ne har ya ajiye aiki. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa nuna abin ya dame shi ba. Kakanmu bafatake ne, ya bi ayarin raƙuma har Tarabulus, kuma da ya rasu an tarar da wata 'yar tukunya a ɗakinsa da kuɗaɗen ƙasashen da ya ratsa, wasu da rubutun Larabci, wasu da hoton sarakunan da ba wanda ya san sunansu. Manya suka kwashe na azurfa suka kai wa maƙeran fari aka yi mundaye da zobba. Ragowar aka bar wa yara su yi wasa. Daga wannan ragowar ciwon ya kama Yaya, kuma bai sake shi ba har kabari.

Ranar hutu sauran ma'aikata suna gindin bishiya suna shan shayi, shi kuwa yana bisa kekensa, daga baya bisa wani tsohon ɗan babur mai tari da muke kira mobilet, ya nufi kasuwar Tirmini ko ta Hamdara. Tsofaffin mata yake bi, masu ƙulla abu a bakin zane su manta da shi. Yakan zauna a ƙofar maƙera kamar mai jiran a gyara masa fartanya, alhali jira yake wani ya kawo kwandala a narka. Sau da yawa daga bakin wuta yake ceto ta, ya biya fiye da nauyinta, maƙeri ya bi shi da kallon tausayi. Mutane kuma suka riƙa kawo masa da kansu. Mafi yawa riyal ɗin azurfa ne mai hoton matar nan mai jiki, wanda Barebari ke kira gursu. Kowa ya tsinci ɗaya a tukunyar kakarsa sai ya ga tsohuwar shekara a jiki, ya zo yana rawar jiki wai ya yi arziki. Sai Yaya ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, sannan ya bayyana masa a hankali cewa duk irinta shekara ɗaya ce a jikinsu, an yi ta buga su da wannan shekarar tun kafin a haifi kakanmu har bayan an haife mu. Mutum ya shigo da fara'a ya fita yana jan ƙafa, amma gobe sai ka gan shi ya dawo hira.

Zauren gidan ya zama kamar lakwal, wato makarantar boko. Bayan la'asar yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya wanke hannu ya bari ya bushe sarai, ya fito da ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu, wanda yake kira lup. Kowace kwandala tana naɗe a takardarta. Ba ya taɓa fuskarta ko kaɗan, a gefe yake riƙe ta da yatsa biyu, kuma duk wanda ya miƙo hannu sai an koya masa riƙon kafin a ba shi. Baƙi-baƙin nan da shuɗi-shuɗin da ke hawa kan tsohuwar azurfa, wanda mu muke kira datti, shi furfura yake ce masa. Yakan ce da shi ake gane kwandala ta tsufa da mutuncinta, kuma duk wanda ya goge shi ya kankare mata fata, ba ta sake komawa yadda take. Malaman makaranta sun ji wannan bayani, dillalai sun ji, har masu tallan goro da suka tsaya shan inuwa sun ji.

Mu mata ba mu ji ba. Wannan ita ce maganar da na daɗe ina riƙe da ita a kan yayana, kuma zan faɗe ta ko da yana kwance. Duk wannan bayani a zaure ya tsaya, ban san shi ba sai bana, daga bakin ɗansa. Abin da ya iso cikin gida kalma uku ce kawai: "Ku bar su."

Matarsa Hajiya Fanna Babarbariya ce, iyayenta daga Barno suka zo suka zauna a unguwar Zango. Na yi aikin ungozoma shekaru masu yawa, wanke hannu shi ne rabin aikina, amma ban taɓa ganin mai tsabta irin ta Fanna ba. A garin nan da ruwa ke wahala, inda famfo kan yi kwanaki bai ce uffan ba, ita sai ta hana kanta sha don ta wanke tukunya. Tasoshinta na jere kana iya gyara ɗankwali a jikinsu. Kowace Salla takan fito da mundayenta da 'yan kunnenta ta dirje su da toka da lemun tsami har su yi fari tas, kuma kowace Salla sai ta leƙa zaure ta ce, "Malam, a kawo kuɗaɗen nan in haɗa da su mana, sun yi baƙi." Shi kuma ya ce, "Ki bar su," ko kai bai ɗaga ba. Shekara arba'in suna wannan. Ita ta ɗauka ƙyuya ce irin ta maza, irin wadda ke sa mutum ya ƙi ba da hularsa a wanke. Ni ma haka na ɗauka, mun sha yi masa dariya tare a madafa.

Da ya rasu, rabon gida da gonar Hamdara bai ɗauki lokaci ba. Magada uku ne: Fanna, da ɗansu na fari Lawali, da ƙanwarsa Hadiza. Ni ba ni da komai a ciki tunda akwai ɗa namiji, shi ya sa bakina ke da 'yanci. Da aka zo kan akwatin, liman ya sa aka kira maƙerin fari da sikelinsa, a auna azurfar a raba bisa nauyi, yadda aka saba. Lawali ya nemi a dakata. Ya ce ya sha jin babansa yana cewa a cikin akwatin akwai ƙaramar kwandala da ta fi manya goma daraja, in aka raba da sikeli za a zalunci wani ba a sani ba. Liman ya tambaye shi wacce ce, kuma nawa ce darajarta. Bai sani ba, ba kuma wanda ya sani a duk garin, domin mai sanin shi ne aka binne. Aka ce a ajiye sai an sami masani. Aka tura akwatin ƙarƙashin gadon Fanna.

Wanda bai san Fanna ba zai ce ai ba komai, kwandala ba ta ruɓewa. Amma ita abin yana cin ta. Duk wa'azin da ta ji a rediyo kan gadon da aka ƙi rabawa, sai ta aiko a kira ni. "Auta," takan ce, domin sunan da yayana ke kirana da shi ta gada, "ina kwana a kan haƙƙin yara. In na mutu da shi a ƙarƙashina me zan ce? Shi kuma Malam, anya ya huta?" Nakan ce mata Malam ba shi da laifi, ita ma ba ta da shi. Takan gyaɗa kai, bayan wata biyu ta sake aikowa.

A cikin shekarun nan duniyar da Yaya ya sani ta juya. A zamaninsa in yana son sanin wata kwandala sai ya jira wani mai zuwa Yamai ko Kano ya nemo masa tsohon littafi mai hotuna, wani lokaci har damina ta wuce. Yau Lawali yana zaune a shagonsa na gyaran waya yana kallon yadda ake gwanjon tsoffin kuɗi a Turai, farashi na hawa a gaban idonsa. Shi ya nuna mini yadda abin yake yanzu. Wai akwai kamfanoni da ba su da aiki sai tantance kwandala. Su duba ta da gilashi, su ba ta maki daga ɗaya zuwa saba'in kamar 'yar makaranta, sannan su rufe ta ruf a cikin 'yar roba mai haske da ba a buɗewa. Daga ranar ba mai sake jin sanyinta a hannu. Maki ɗaya tak kan iya ninka farashi. Wasu masu sayen ma ba sa ganin kayan, daga ma'ajiya zuwa ma'ajiya yake tafiya.

Na sha tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san rabinsa zai ji daɗi, domin ga duniya guda ta yarda da shi cewa ba a taɓa fuskar kwandala, bayan shekarun da Damagaram ta yi tana ce masa mai taɓin hankali. Ɗaya rabin kuwa zai yi tsaki. Shi mutum ne da ke son ya ɗora maka abu a tafin farin ƙyalle ya ce, "Wannan ta bi Agadas, ta sha gishirin Bilma, duba inda wani ya gwada ta da haƙori." Kwandalar da wani ya gwada da haƙori ba ta samun maki a wurin mutanen nan. Ina kuma jin da zai yi mamakin jikokinsa da ke aika kuɗi ta waya, waɗanda dala biyar ta faɗi ba sa sunkuyawa. Yanzu da ake ta raɗe-raɗin ko wata rana za a sauya kuɗinmu na sefa, na tabbata da yana nan da tuni ya fara bin 'yan tireda yana roƙon sabbin kwandaloli kafin su sha hannu.

Bara Lawali ya ɗauki hoton kayan akwatin, a tsaitsaye, ba duka ya warware ba, ya aika wa wani dillalin tsoffin kuɗi a Faransa. Mutumin ya amsa da zumuɗi. Ya ce mafi yawa na gama-gari ne, amma akwai da dama masu kyau, musamman da yake ba wanda ya taɓa su, launinsu na asali yana nan. Ya ce a kawo su a tantance a sa a gwanjo. Lawali ba mai haɗama ba ne, ni na goya shi, na san shi. Yana da iyali a gidan haya, yana kuma da gini a unguwar Kara-Kara da ya kai linta ya tsaya, damina biyar tana dukan bangon ba rufi. Ya ga hanyar da za a sauke wa mahaifiyarsa nauyi, ƙanwarsa ta sami nata, shi ma ya rufe ɗaki. Ya shirya da wani abokinsa mai tafiya Faransa, ya sayi tikitin kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai don ya kai masa, ya ce ranar Asabar zai zo ya ɗauki akwatin.

A nan sai in tuna wa mai karatu cewa Lawali ɗan fari ne, kuma Fanna ta tsohon zamani ce. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In za ta yi maganarsa da ni sai ta ce "ɗanki". Gaisuwa ce ke haɗa su, yana durƙushe a bakin ƙofa tana kallon gefe, sauran magana ta bakina ko ta bakin Hadiza take bi. Saboda haka abin da ya isa kunnenta shi ne kayan Malam za su tafi ƙasar Turawa, manyan masana za su duba su. Ba wanda ya ƙara mata da komai, domin ba wanda ya zaci akwai abin ƙarawa.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga gidan na tarar da ita a tsakar gida, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Ta sayi ruwa a wurin 'yan garuwa, ta sa an kawo mata lemun tsami na Mirya kwarya guda, ga toka ta tankaɗe. A kan sabuwar tabarma kwandalolin yayana ne a jere suna shan rana, farare tas, suna ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Yatsunta duk sun yi jawur. Ta ɗago tana murmushi, irin murmushin da rabona da ganinsa tun Malam na da rai.

"Auta, zo ki gani. Yana raye ya hana ni. Amma ba za a kai kayansa gaban baƙi da dauɗa ba, a ce matarsa ƙazama ce, ko a ce ba shi da kowa."

Na ce mata sun yi kyau, domin a idona sun yi kyau. Da ta aiko tun da safe ma da na zo da sosona.

Lawali ya shigo bayan an sauko daga masallaci. Ya yi sallama, ya durƙusa zai gaishe ta, sai idonsa ya faɗa kan tabarmar. Gaisuwar ba ta fito ba. Ya ɗauki ɗaya a gefe, ya juya ta a rana, ya ajiye. Ya ɗauki wata. Bai ɗaga murya ba, ba a haife shi a gidan da ake yi ba. Ni ya kalla ya ce, "Gwaggo, wa ya ce a wanke?" Na ce ba wanda ya ce. Ya ce, "Shi ke nan," ya tashi ya fita, ko takalminsa bai saka daidai ba. Fanna ta bi bayansa da kallo, sannan ta juyo gare ni. A fuskarta na ga ta gane an yi ɓarna tun kafin ta san wace iri ce.

Bai tafi Yamai ba. Ya sake ɗaukar hotuna ya aika, amsa ta zo a gajarce. Toka ta bar ƙananan zane a jikinsu, sirara kamar gashi, waɗanda gilashi ke gani ko ido bai gani ba. Kwandalar da aka wanke ba a ma ba ta maki, sai dai a rubuta a jikin robar cewa an wanke ta, masu saye kuma su kau da kai. Dillalin ya ce yanzu mafi yawansu ba su wuce nauyin azurfarsu ba sai kaɗan, kuɗin jirgi da na tantancewa ma ba za su fita ba. Wato bayan shekara goma mun dawo kan sikelin maƙerin da liman ya kira tun farko.

Makonni suka wuce Lawali yana zuwa gaisuwa kamar kullum, amma ya daina cin tuwon da ake ajiye masa. Fanna ta rame. Ban taɓa jin haushin yayana ba kamar a kwanakin nan. Jimla biyu da ya faɗa wa mai tallan goro, da ya faɗa wa matar da ta yi shekara arba'in tana dafa masa abinci, da duk wannan bai faru ba.

Wata rana da la'asar ta kira ni ɗakinta, ta tura ƙofa, ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar takarda a naɗe. Ta ce, "Akwai ɗaya da ban wanke ba."

Kwandalar azurfa ce ta zamanin samun 'yancin kai, irin ta gwaji wadda ake buga kaɗan don manya su duba zanen, ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Yaya ya same ta a hannun wani tsohon akawun baitulmali bayan ya yi shekaru yana lallashinsa. Fuskarta sumul take kamar madubi. A tsakiyar madubin kuwa ga shatin babban yatsa, ruwan ƙasa-ƙasa, kowane layi ya fito. Wani siririn tabo ya ratsa layukan a karkace.

Na san tabon nan. Ina 'yar shekara biyar na yi ta kuka sai an fasa mini goruba, Yaya ya ɗauki wuƙar babanmu, wuƙa ta goce ta yanke shi a babban yatsa. Shi ya sha duka, ni na ci gorubar. Na zauna a bakin gadon Fanna.

Ta ba ni labarin. A ciwonsa na ƙarshe, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, wata rana ya roƙa a kawo masa akwatin. Ta gama shafa masa man kaɗe a hannu ke nan. Ya warware wannan, hannu na rawa, ta suɓuce, ya cafke ta da yatsa a fuska, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya yi tsaki, ya dube ta bai ga komai ba, ya mayar ya naɗe. Shatin bai fito ba sai a hankali, cikin duhun akwati, a shekarun da muke ta jiran masani. "Na ɗauko ta zan tsoma a ruwan lemun," in ji Fanna, "sai na ga hannunsa. Na kasa."

Na ce ta ɓoye abinta, wa ya sani? Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Haƙƙin yara ne. Ki kai wa ɗanki. Na ɓata masa da yawa, kada in ɓoye masa wadda ta rage."

Na kai masa. Ya aika hoto, dillalin ya kira shi da kansa a waya. Ita ce ƙaramar da babansa ke faɗa. Ko da shatin yatsan, ta fi duk sauran akwatin daraja in an haɗa su. Ba dukiyar da za ta sauya rayuwar mutum ba ce, amma za ta rufe ginin Kara-Kara, Hadiza ma ta sami abin riƙewa. Rabon Fanna kashi ɗaya ne cikin takwas, ko ta bar komai ba zai kai ta riƙe kwandalar ba. Ta sani, ba ta kuma roƙa ba. Abu ɗaya ta nema, a bar ta ta kwana da ita har ranar tafiya.

Ana saura kwana biyu Lawali ya zo da yamma, muna zaune a tsakar gida da Hadiza, Fanna tana daga ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba saƙon, ya daɗe yana kallo. Hadiza ta ce lafiya? Ya fassara mana. Dillalin ne. Ya ce albishir, suna da ƙwararru masu wani ruwan magani da ke cire irin wannan tabo ba tare da an ƙarce azurfar ba, wannan ba wanki suke kiransa ba, gyara ne, kuma masu tantancewa sun yarda da shi. In an cire shatin yatsan, maki zai hau, farashi ma zai hau sosai. Yana neman izini kawai.

Hannun Fanna ya tsaya a cikin faifai.

Lawali ya ce wa Hadiza ta ɗauko masa lup ɗin Baba. Ya shimfiɗa hankicinsa a gwiwa, ya karɓi kwandalar a gefe, ya sunkuya. Na lura sai a ranar ya dube ta da gilashi, da can hoto kawai yake ɗauka ya aika. Ya daɗe a sunkuye har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Gwaggo, da wannan yatsan yake riƙe mini kunne in na taɓa fuskar kuɗi." Ya naɗe ta a takardarta a hankali, ya miƙo mini. "Ki ba Hajiya. Ki ce ta ajiye. Na bar mata rabona a ciki." Hadiza ta ce ita tun ranar da ta ga yatsan ta bar nata, jira take a tambaye ta.

Bayan kwana kaɗan aka kira liman da maƙeri. Yara suka maimaita kyautarsu a gaban shaidu, aka auna sauran aka raba, aka shafa fatiha. Hadiza ta ƙi sayar da nata. Lawali ya sayar da wasu, ya sayi kwanon da ya rufe ɗaki ɗaya da shi, sauran ginin yana nan a buɗe, damina ta shida tana tafe. Ba zan ce ba a yi asara ba, an yi. Aikin shekara arba'in na mutum mai haƙuri ya tafi a hantsi ɗaya, a hannun wadda ta fi kowa son sa, kuma har gobe in na tuna zuciyata takan yi zafi.

In na auna abin da ya rage na Yaya Mutari, ba shi da yawa. Zauren ya zama shagon cajin waya. Abokan hirarsa sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tarin da ya yi wa hidima ya watse, wani ma ƙila yana wuyan wata amarya a matsayin sarƙa. Bai bar suna a littafin masana ba. Ya bar ɗa da ya iya riƙe abu a gefe don kada ya ɓata shi, ya bar mata da ta gane yatsansa bayan shekara goma, ya kuma bar ƙanwa da har yanzu take faɗa da shi a zuci kamar yana ji. Allah Ya yafe masa kurakuransa, har da na rowar bayani, Ya sanyaya masa makwanci, Ya haɗa mu da shi a inda ba a rabuwa.

Ranar da shekarar ta cika na je gidan da sadakata. Na tarar da abin da ban taɓa gani ba tun da aka haifi Lawali. Yana zaune a tabarma ɗaya da mahaifiyarsa, farin ƙyalle a tsakaninsu, ba ni ba Hadiza a tsakiya. Yana nuna mata yadda ake riƙo da yatsa biyu, yana yi mata bayanin furfurar azurfa, kalma bayan kalma, yadda ya ji a zaure yana yaro. Ita kuma ta kau da kai rabi kamar yadda ta saba, amma kunnenta na wurinsa. Ya ɗora mata lup a ido. Idon ya tsufa, ta lalubo ta lalubo.

Ta ce, "Matso da ita, ban ga tabon ba."

Ya matso da ita.